Wadda Ta Zauna a Kujerarta

Jaka ce ta fara haɗa su.

Nafisat na tsaye a ƙofar jirgin da zai kwashi maniyyata daga Kaduna zuwa Madina, tana nuna wa kowa kujerarsa, sai idonta ya faɗa kan wata jakar hannu da aka rubuta wa Birnin Gwari da jan fenti. Ta ɗaga kai. Mai jakar dogon saurayi ne baƙi, yana riƙe da hannun wani tsoho, wata dattijuwa na biye da su tana jan carbi.

"Birnin Gwari ta wane gefe?" ta tambaya.

"Kuyello," in ji saurayin.

"Ashe mutanen masara ne. Ni a Tsohon Birnin Gwari aka binne cibiyata."

Tsohon ya tsaya cak, har na bayansa suka yi karo da shi. "Ikon Allah! 'Yar gida a sama! Ke Azumi, kin ji? Tamu ce za ta ja mu."

"Ba ni ke tuƙi ba, Baba. Shayi kawai nake rabawa."

"To ki zuba mini sukari irin na gida, ba na Turawa ba."

Sunansa Malam Labaran, matarsa Inna Azumi, saurayin kuwa autansu ne Tasi'u, wanda albarkar gonarsa ta kawo su ukun wannan tafiya. Babu wanda ya taɓa shiga jirgi a cikinsu.

Da aka gama zama, Nafisat ta zo ta tsaya a kansu. Akwai ƙa'ida a aikinsu: kujerar bakin ƙofar gaggawa ba a barin tsoho a kanta, sai mai ƙarfin da zai iya buɗe ƙofar in rana ta ɓaci. A jirgin alhazai kuwa tsofaffi sun fi yawa. Ta roƙi Tasi'u ya koma can. Ya dubi mahaifinsa.

"Je ka mana," in ji Malam Labaran. "Ko kana tsoron a sace ni? Nan dai babur ba ya hawowa."

Inna Azumi ta kama hannun Nafisat. "'Yata, an ce abin nan yana girgiza."

"Yana yi, Inna. In ya girgiza ki dubi fuskata, ga kujerata can tana fuskantarku. Muddin kin ga ina murmushi, ba komai."

Ta sha faɗa wa tsofaffi haka. Ba ta taɓa zaton wata rana maganar za ta dawo ta zauna mata a ƙirji ba.

Kujerar Nafisat 'yar ƙarama ce da ake naɗewa jikin bango, daidai gaban ta Tasi'u. Da jirgi ya ɗaga ya shiga gajimare ya ɗan yi rawa, sai ta ga ya damƙe hannun kujera har jijiyoyinsa sun fito.

"Kai da ka saba hanyar Kuyello da damina?"

"Can ina ganin ramin kafin in faɗa."

Ta yi dariya. "Sama ma tana da gargada. Iska ba fanko ba ce, kamar kogi take, wani wuri a kwance wani wuri tana tafasa. In rana ta gasa ƙasa, zafi ya taso ya tunkuɗi jirgi. In akwai hadari, iskar cikinsa wata na hawa wata na sauka, amma shi matuƙi yana hango shi a na'ura ya kauce. Duwatsu ma suna karya iska. Har jirgin da ya wuce gabanka yakan bar maka nasa tashin, kamar tirela in ta wuce mai keke."

"Wanne ya fi muni?"

"Wanda ba a gani. Sama fes, ba gajimare ko ɗaya, amma can akwai iska mai gudun tsiya tana gogar wadda ke tafiya a hankali. Inda suka haɗu na'ura ba ta nunawa. Sai dai jirgin da ya riga ka ya ba ka labari, ko kuma kai ka ba na baya."

"Kamar hanyarmu ke nan," in ji Tasi'u. "Motar farko ita ke sanin ko mutanen daji sun fito."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Shi ya sa Babanmu ya kwashe mu ya koma Kaduna," ta ce. Suka dubi juna kamar mutanen da suka san abu ɗaya. Daga baya Tasi'u yakan ce a cikin wannan kallon ne ta shiga ransa.

Suna saman hamada, ana cikin raba shayi, rana tar a taga, sai muryar matuƙi ta fito a gajarce: ma'aikata su zauna nan take. Nafisat ta san bambancin wannan da kunna fitilar ɗaura bel kawai. Ta tura keken abinci ta kulle shi a ma'ajinsa, ta juye ruwan zafi, tana tafe tana faɗa da Hausa kowa ya ɗaura bel, ta faɗa kujerarta ta ɗaure kafaɗu da ƙugu.

Sai ta hango Malam Labaran ya miƙe. Sanyin jirgi ne ya dami Inna Azumi, ta ce ya ɗauko mata mayafinta a durowar sama.

"Baba, zauna!"

Ya juyo yana murmushi, hannunsa a sama. Jirgin ya faɗa kamar an janye masa ƙasa. Kofuna suka tashi, salati ya cika ko'ina. Kan Malam Labaran ya bugi rufi, ya dawo ya zube a tsakanin kujeru, bai motsa ba.

Tasi'u ya kai hannu zai kwance bel.

"Kada ka tashi!" in ji Nafisat, da wata murya da ba ta yi kama da ta mai raba shayi ba. "Wallahi in ka tashi, biyu za ku zama."

Jirgin ya sake faɗawa, ya taso, ya karkata. Inna Azumi na kiran, "'Yata! 'Yata, zo!" Nafisat ta ɗauki wayar bango ta sanar da shugabar ma'aikata an samu rauni, ta ɗaga murya ta ce alhajin da ke kusa ya riƙe rigar tsohon da ƙarfi kada ya sake tashi sama. Amma ba ta kwance bel ɗinta ba. Idanu fiye da ɗari na kanta, tsofaffin da in suka ga tsoro a fuskarta za su miƙe gaba ɗaya. Don haka ta yi abin da aka koya mata. Ta saki fuska.

Inna Azumi ta dubi fuskar, kamar yadda aka ce ta yi. Ta ga murmushi.

Da iskar ta lafa, Nafisat ce ta fara isa wurinsa. Ta tallabe masa wuya, aka samo likitan alhazai, aka sa masa iskar numfashi. Motar asibiti na jira a Madina. Malam Labaran bai farfaɗo ba. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa salla a Masallacin Annabi, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Kowa ya ce ya yi sa'ar makwanci. Inna Azumi ta amsa da alhamdulillahi, kuma da gaske take. Ba ta da ja da hukuncin Allah. Amma baƙin ciki yakan nemi wurin zama, nata kuma ya zauna a kan fuska guda.

Bayan an dawo gida, saƙo ya shigo wayar Tasi'u.

"Assalamu alaikum. Nafisat ce, ta jirgi. Na karɓi lambarka wurin jami'in alhazanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban samu na ba shi shayin da ya ce ba. In ba ka son ji daga gare ni, zan fahimta."

Ya karanta, ya amsa:

"Amin, na gode. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma gaskiya nake so. Da kin bar ni na tashi, da ya rayu?"

"Ban sani ba. Na tambayi likitan, shi ma ya ce bai sani ba. Abin da na sani, da ka tashi da wataƙila Inna ta dawo ita kaɗai. Amma ni na raba ka da kujerar kusa da shi. Wannan ina kwana da shi ina tashi da shi."

Da ta ce masa babu abin da zai canza, da ya goge lambar. Wannan "ban sani ba" ɗin ne ya sa ya kira ta.

Daga nan duk lokacin da ya bi motar masara zuwa Kaduna, sai ya ratse gidansu. Sukan zauna a kan benci ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Shi yana kiranta 'Yar Sama, ita tana kiransa Manomina. In ta sauka daga aiki takan rubuta masa, "Na taka ƙasa, Manomina. Yau sama ta yi ladabi." Shi kuma in ya isa gida ya amsa, "Ni ma na taka Kuyello, 'Yar Sama. Yau daji ya yi ladabi." Kowannensu yana tsoron hanyar ɗan'uwansa fiye da tasa.

"Me ya sa ka bi maganata ranar?" ta tambaye shi wata rana. "Ba ka san ni ba."

"Na san muryar. Irin ta Inna ce in ana harbi. A wurinmu in ka ji bindiga, kwanciya kake yi inda kake, ba ka tashi ko muryar wa ka ji, sai ƙarar babura ta ɓace tsuntsaye sun dawo da kuka. Don mutanen daji sukan bar wanda suka harba yana kira, su laɓe su ga wa zai fito." Ya juyo ya dube ta. "Murmushin fa? Da gaske ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji, sosai ma. Amma an koya mana fuskarmu ba tamu ba ce in muna aiki."

"To yanzu ta wa ce?"

Ta rufe fuskar da mayafi. "Ba a riga an kawo kuɗin gaisuwa ba, Malam."

Mahaifinta Alhaji Isah bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Yaron kirki ne, ban ƙi ba. Amma ban fito da ku daga dajin nan don in mayar da ke da hannuna ba. Ga Mustapha, injiniya a filin jirginku, ya turo magabatansa har sau biyu." Bai tilasta mata ba, ya dai ce ta yi tunani.

Na Kuyello ya fi wuya. Ranar da Tasi'u ya furta sunan, Inna Azumi na surfe. Ta ajiye taɓarya a hankali.

"Wace Nafisat?"

"Ta jirgi, Inna."

"Wadda ta zauna?"

"Inna, doka ce. Kamar yadda muke kwanciya in ana harbi."

"Daji daban, jirgi daban. A daji maƙiyi ne da bindiga. A can wa zai harbe ta? Kuma ba zaman ne ya fi cina ba, Auta. Ita ta ce in dubi fuskarta. Na duba. Ubanka na kwance jini na fita ta kunnensa, tana yi mini murmushi. Ka auri wadda kake so a duniyar nan, ko ba Bahaushiya ba ce zan riƙe ta. Amma fuskar nan ba za ta miƙo mini tuwo ba."

Bai iya faɗa wa Nafisat ba. Yana cikin neman yadda zai fara, sai sabis ɗin waya ya ɗauke a yankinsu, aka shiga makonni ba kira ba saƙo, hanyar Kaduna kuma ta sake ɓaci har direbobi suka ajiye motoci. Wani direba da ya zagayo ta Funtuwa ya ce ya ji ana raɗe-raɗin 'yar Alhaji Isah za ta auri injiniya. Tasi'u ya ce Allah Ya sa alheri, ya koma gona, ya yi ta noma kamar mai faɗa da ƙasa.

Ita kuwa Nafisat saƙonninta na tafiya ba amsa. Na ƙarshe ya ce: "Manomina, in Inna ce ta ƙi, ka faɗa mini. Na fi iya jure gargadar da na gani da wadda ba a gani."

Da hanya ta ɗan buɗe, ta ɗauki hutu ta ce za ta gaida goggonta da ta rage a Tsohon Birnin Gwari. Daga can ta bi motar 'yan kasuwa zuwa Kuyello. Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo.

Tasi'u ya fito ya gan ta a ƙofar gida.

"An ce kin yi aure."

"An ce ka mutu, tunda ba ka amsa saƙo. Ba wurinka na zo ba. Ta'aziyya na zo yi wa Inna, wadda ban taɓa yi ba."

Inna Azumi ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa da fura, ta amsa ta'aziyya kalma bayan kalma, idonta a ƙasa. Nafisat ta ce, "Inna, ban zo in ce na yi daidai ba."

"To me kika zo cewa?"

"Na zo ki ga fuskata ba a wurin aiki ba."

"Na gani. Allah Ya mayar da ke gida lafiya."

Bayan azahar Tasi'u ya tura babur ɗinsa bakin hanya don ya sha mai ya kai ta cikin gari. Inna Azumi ta yafa mayafi. Baƙo ko ba ka sonsa ana yi masa rakiya, ba za a ce a gidan Malam Labaran aka fara barin wannan ba. Suka bi 'yar siririyar hanya ta cikin masara, tsohuwa a gaba.

Sun kusa fita titi sai suka ji babura, da yawa, suna zuwa da gudun da ba na 'yan kasuwa ba. Sai harbi.

Kafin Nafisat ta gane abin da ke faruwa, Inna Azumi ta fizge ta cikin masara ta kifa ta tsakanin kunyoyin gonar, ta kwanta a kanta rabi. Suka ji ihu, gudu, kukan awaki. Harbin ya tsagaita. Sai wata murya ta taso daga bakin titi, ba nisa.

"Inna... Wayyo Inna..."

Nafisat ta yunƙura. Hannun tsohuwar ya danne ta kamar turmi.

"Tasi'u ne," ta raɗa. "Inna, shi ne. Na iya tsayar da jini, an koya mana, ki sake ni."

"Ba shi ba ne."

"Inna, muryarsa ce!"

Akwai babur ɗaya da bai tafi ba. Suna jin injinsa yana kaɗawa a hankali, suna jin wani yana taka busasshen ganye a gefen gonar. Nafisat ta buɗe baki, kuka na tasowa daga cikinta, irin wanda ba a iya riƙewa. Inna Azumi ta kama haɓarta ta juyo da ita, goshi da goshi.

"Dube ni," ta raɗa. "Dubi fuskata. Kin ga na damu? Ni na haife shi, na san muryarsa. Ba shi ba ne."

Nafisat ta duba. Fuskar a sake take, ba ko yamutsa. Har leɓen ya ɗan ɗaga.

"Inna..." in ji muryar, ta fara rauni.

Tsohuwar ba ta ƙifta ba. Ta ci gaba da murmushi, farcenta kuwa ya nutse a hannun Nafisat har ya fitar da jini.

Sai da babur ɗin ya tashi, ƙararsa ta ɓace, sai da wata kurciya ta yi kuka a kan ɗorawa, sannan hannun ya saki. Inna Azumi ta riga Nafisat isa titi.

Tasi'u ne. Harsashi ya fasa masa cinya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe. Nafisat ta yage mayafinta ta ɗaure sama da raunin, ta murɗa da kara, ta danne da duka nauyinta tana kiran sunansa kada ya yi barci. Mutane suka firfito daga gonaki. An tafi da mutum biyu, an kashe mai sayar da man. Aka sa Tasi'u a bayan a-kori-kura zuwa asibitin cikin gari.

Likita ya ce zai rayu, amma jinin da ya zuba da daɗewar da ya yi a kwance sun taɓa ƙafar, ba zai ƙara takawa daidai ba. Inna Azumi ta tambaya, "Da an kawo shi da wuri fa?" Likitan ya ce, "Allah kaɗai Ya sani, Hajiya."

Washegari da hantsi suna zaune su biyu a barandar asibiti. Inna Azumi ta jawo hannun Nafisat ta dubi shatin farcenta.

"Ranar nan a jirgi," ta ce, "da kike mini murmushi. Me ke cikinki?"

"Abin da ke cikinki jiya, Inna."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. "Na yi miki ƙarya jiya. Tun kiran farko na san shi ne."

"Na sani."

"To me ya sa kika kwanta?"

"Fuskarki na duba."

A nan Inna Azumi ta yi kukan da ba ta yi a Madina ba. Nafisat ta riƙe ta, ita ma tana nata.

Da ta natsu ta ce, "Ban ce kin yi daidai ba. Ban ce na yi daidai ba. Wataƙila da na sake ki, da yana da ƙafarsa. Wataƙila da yanzu kina cikin daji ana kiran ubanki a waya. Ba wanda zai faɗa mini. Na dai san nauyin abin yanzu, kuma na san ba a ɗaukarsa da rashin imani."

Malamai na da maganganu a kan ƙaryar da ake yi don ceton rai. Amma ba su faɗi yadda mai ita zai yi da kansa bayan an tsira ba. Waɗannan mata biyu kowace ta samu wadda ba sai ta yi wa bayani ba, wataƙila iyakar sauƙin da ke akwai ke nan.

Da Tasi'u ya fara dogara sanda, Inna Azumi da kanta ta bi ƙannen mijinta zuwa Kaduna, abin da ba a saba ba. Maza suka yi tasu a zaure, ita ta shiga ciki. Alhaji Isah, wanda ya riga ya ji komai daga bakin 'yarsa, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, na rantse ba zan mayar da ita dajin nan ba. Amma wadda ta danne 'yata alhali ɗanta yana kiranta, ban san da wane baki zan ce mata a'a ba."

"Kada ka karya rantsuwarka, Alhaji. Su zauna nan Kaduna. Gona ba ta gudu, 'yan'uwansa na nan."

Mustapha injiniya ya aiko da saƙon fatan alheri, ya janye kamar mutumin kirki.

Ana gobe ɗaurin aure Tasi'u ya rubuta: "'Yar Sama, gurgu za ki aura. Har yanzu ƙofar gaggawa a buɗe take."

Ta amsa: "Ni ke tsaron ƙofar, Manomina, kuma na kulle. Zauna ka ɗaura bel."

Bayan kaka aka ɗaura. Ba a yi kiɗa ba, saboda waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba tukuna. Aka yi addu'a ga ango da amarya, aka yi wa Malam Labaran, aka roƙa wa Birnin Gwari da dajinta zaman lafiya, amin ɗin ƙarshen nan ya fi kowane tsawo.

Da aka kawo amarya gaban uwar miji, mata suka yi shiru don a ji nasiha. Wata ta ce ai sai a sa ta bar aikin yawo a sama. Inna Azumi ta ce a'a, alhazai na buƙatar mai jin Hausa. Ta ɗage mayafin amarya ta daɗe tana duban fuskar.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya sauke ki lafiya duk inda kika tashi. Abu biyu zan faɗa miki. In kina sama matuƙi ya ce ki zauna, ki zauna, ko wa ke kira."

"To, Inna."

"Amma in kin sauko, a gidanki ko a nawa, in abu ya dame ki kada ki yi mini murmushi."

Nafisat ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ta fashe da kuka. Inna Azumi ta dafa ta.

"Yauwa," ta ce. "Haka nake so. Barka da zuwa gida, 'yata."